Tsofaffin gine-gine a ƙaramin ƙauye: a gyara, a rushe, ko a bar su yadda suke?

Malama Rakiya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana tarihi ce da masu sana'ar gini da ke cikin wannan zaure, kuma ina roƙon a amsa mini da la'akari da halin ƙaramar al'umma ta karkara wadda ba ta da kuɗi mai yawa, ba ta da injiniya, kuma babu wata hukuma da ke waiwayarta. Kusan kowane tsohon ƙauye yana da ɗan abin da ya gada daga mutanen farko: wurin ibada na ƙasa ko na dutse, gidan da shugabannin garin suka zauna a ciki, ajin makarantar farko, tsohuwar rijiya, ragowar ganuwar da ta taɓa kewaye gari, da maƙabartar da aka daina binne mutane a cikinta. Abin da na lura da shi shi ne waɗannan abubuwa ta hanya biyu suke ƙarewa. Ko dai a yi watsi da su har damina ta kwantar da su, ko kuma wani mai hali ya zo da kyakkyawar niyya ya ce zai sabunta su, a rushe, a ɗora bulo da kwano a wurin, a wayi gari babu sauran abin da zai nuna wa yaro cewa kakanninsa sun iya gini.

Abin da nake so in sani shi ne, idan al'umma ba za ta iya riƙe duka ba, ta yaya za ta zaɓi wanda ya cancanci wahalarta? Shin daidai ne a shafe tsohon ginin ƙasa da siminti domin a huta da yaɓen kowace shekara, kamar yadda mutane da yawa ke ba da shawara? Sannan wa ke da ta cewa a kan gini irin wannan, magadan da suka mallake shi ko jama'ar gari da ke ganin tarihinsu ne? Na ji wasu suna cewa mafita ita ce a nemi gwamnati ko UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi, amma ban san ko wannan abu ne da ƙaramin ƙauye zai iya sa rai da shi ba.

Malam Isiyaku ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni aikina duba gine-gine ne, don haka zan ɗauki tambayar siminti, domin a nan ne ake yin ɓarna mafi yawa, kuma masu yin ta masoyan ginin ne.

Ginin ƙasa yana shan danshi kuma yana fitar da shi. Idan ruwa ya shiga bango, ko daga sama ko daga tushe, rana da iska su ne ke busar da shi ta fuskar bangon. Da zarar an rufe wannan fuskar da filastar siminti, ruwan da ya shiga ba shi da hanyar fita. Siminti kuma ba ya miƙewa ko takurewa tare da ƙasa, don haka cikin 'yan shekaru sai ya tsattsage, ruwan sama ya riƙa bi ta tsagogin yana taruwa a baya. Daga waje bango yana nan fes, amma idan kika ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa za ki ji yana amsawa kamar ƙwarya, domin ƙasar da ke bayan filastar ta riga ta zama gari. Ranar da filastar za ta faɗo, da rabin kaurin bangon take faɗowa. Haka lamarin yake ga tsohon ginin dutse ko na jan bulo da aka ɗaure da kwaɓi mai laushi: idan aka cike gaɓoɓinsa da siminti mai ƙarfi, dutsen ne ke fara ruguɗewa.

Wannan ya faru da masallacin ƙauyen Larabanga a arewacin Gana, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar. A shekarun 1970 aka shafe shi da haɗin yashi da siminti da nufin kare shi daga ruwa. Danshi ya maƙale a ciki, gara ta samu wurin zama ta cinye itatuwan da ke riƙe da ginin, har wani sashe ya rushe. Da aka zo gyara a farkon shekarun 2000, aikin farko shi ne ɓamɓare simintin gaba ɗaya, a sauya ruɓaɓɓun itatuwa, a koma yaɓen ƙasa da hannun maginan wurin. Kuɗin da aka kashe wajen gyara ɓarnar ya isa a yi yaɓen shekaru masu yawa.

Idan al'umma tana da ɗan abin hannu kaɗan, ga inda ya kamata ya fara zuwa. Na farko rufi da indararo. Indararo ɗaya da ya karye ko ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsu yana iya kashe gini cikin damina biyu, kuma alamarsa a fili take: za ki ga wani dogon kwari ya gangaro daga saman bango zuwa ƙasa daidai ƙarƙashinsa. Na biyu gindin bango. Ruwan da ke zubowa daga sama yana dukan ƙasa ya fantsamo, yana cin bangon daga tushe zuwa kusan gwiwa, har ginin ya zama yana tsaye a kan siririyar ƙafa. Sau da yawa kuma titi ko farfajiya sun yi tudu saboda cikon shekaru, ruwa ya riƙa kwanciya a jikin ginin maimakon ya gudu. Gyara gangaren ƙasa domin ruwa ya nisanci bango aiki ne na fatanya da kwando, ba ya buƙatar kwangila. Bayan waɗannan sai a duba azara ko duk itacen da ke ɗauke da rufi, a soka masa wuƙa a kusa da inda ya shiga bango, domin a nan gara da ruɓa ke farawa. Ƙananan bishiyoyin da suka tsiro a kan bango a cire su tun suna ƙanana.

Game da gajiyar yaɓe, gaskiya ce, aiki ne da ba ya ƙarewa. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin da ake gani yanzu na 1907 ne, kowace shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi, kuma itatuwan giginyar da suka fito daga jikinsa su ne matakan da maginan ke hawa. An gina shi ne da sanin cewa za a riƙa hawa ana gyara shi. Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda ita ce tushen ƙa'idojin adana tsofaffin gine-gine a duniya, ta sa kulawa ta dindindin a gaban duk wani babban gyara, kuma duk wanda ya yi aikin ya san dalilin haka.

Dakta Hauwa ta amsa:

Malama Rakiya, Malam Isiyaku ya gama da batun siminti, kuma ina tare da shi. Zan taɓa batun zaɓe da batun hukuma.

Kada girman gini ko kyansa su zama ma'auni su kaɗai. Ita kanta yarjejeniyar da Malam ya ambata ta fara ne da bayyana cewa ƙananan ayyukan mutanen da, waɗanda suka samu muhimmanci da tafiyar zamani, suna cikin abin da ake adanawa daidai da manyan fadoji. Abin da zan ba da shawara shi ne a tara dattawa maza da mata, a zagaya gari da ƙafa, a tsaya a kowane wuri a tambaya: me ya faru a nan, wa ya gina, kuma idan ya ɓace akwai wani irinsa? Sau da yawa amsar tana ba da mamaki. Rijiyar da ta sa aka kafa garin a wurin tana iya fin gidan shugaba muhimmanci, rumbu guda da ya rage na wani salon gini da aka daina yi kuma yana iya fin su duka, domin shi kaɗai ne shaida. Mata su kan san tarihin ɗakuna da rijiyoyi da madafai da maza ba su taɓa tambaya a kai ba, don haka zagayen da babu su ba zai cika ba.

Ko wane gini aka zaɓa, akwai aikin da ya wajaba a kan dukansu, har waɗanda aka san ba za a iya ceto ba, wato rubuta su. Wayar hannu da tef ɗin awo da littafi sun isa. A ɗauki hoton kowace fuska daga waje, da kowane ɗaki daga ciki, da rufi daga ƙasa, da duk wani zane ko rubutu, a tsayar da sanda mai awo a cikin hoton domin a gane girma. A zana taswirar ginin ko da ba ta yi kyau ba, a rubuta tsawo da faɗi da kaurin bango. A naɗi muryar tsofaffi suna bayani a cikin ginin kansa, domin mutum yana tuna abin da ba zai tuna a zaune a gida ba idan ya ga ƙofar da idonsa. A rubuta sunan mai magana da ranar da aka yi, a kuma ajiye kwafi a wurare uku daban-daban, ɗaya a kan takarda, domin wayoyi suna ɓacewa. Lokacin da masu ɗauke da makamai suka rushe hubbarorin waliyyai a Tambutu a 2012, abin da ya sa aka iya sake gina 14 daga cikinsu zuwa 2015 shi ne akwai tsofaffin hotuna da awo, akwai kuma iyalan maginan da suka gaji kula da su.

Batun UNESCO kuwa, gara a faɗi gaskiya. Ƙarƙashin yarjejeniyarta ta 1972 kan kayan tarihi na duniya, gwamnatin ƙasa ce kaɗai ke iya gabatar da wuri, sai ta fara sa shi a jerin wucin gadi, aikin yana ɗaukar shekaru, kuma wuraren da ke cikin babban jerin a duk duniya sun ɗan haura 1,200 ne kawai. Shiga jerin ma ba ya zuwa da albashin magini. Abin da ya fi kusa shi ne a sanar da hukumar kayan tarihi ta ƙasa ko ta yanki a rubuce, a haɗa da hotuna, domin a wasu ƙasashe rajista tana hana rushewa ba tare da izini ba. Amma kada a zauna jiran amsa.

Misalin da nake so a duba shi ne ƙauyen Ogimaci da ke Shirakawa a tsaunukan Japan, mai manyan gidaje na katako da rufin ciyawa mai tsananin gangare saboda dusar ƙanƙara. Da mutanen ƙauyen suka ga ana sayar da gidajen ana kwashe su zuwa birane, sai suka kafa ƙungiya a 1971 suka ɗaukar wa kansu alkawari uku: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. Sai a 1995 UNESCO ta sa wurin cikin jerinta, wato bayan shekara 24 da su da kansu suka fara. Sauya rufin gida ɗaya a can yana buƙatar mutane masu yawa a rana guda, kuma da aikin gayya suka saba yin sa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ne kuma amsata a kan mallaka. Gini na magada ne, kuma duk shirin da ya fara da ƙwace musu ikonsa zai ƙare a rigima. Abin da ke aiki shi ne yarjejeniya a rubuce gaban shaidu: magada su amince ba za su rushe ko su sauya fasali ba sai da shawara, jama'a kuma su ɗauki nauyin wani kaso na kulawar shekara.

Alhaji Bala ya amsa:

Ina gaishe da malamai, kuma na ƙaru ƙwarai. Amma akwai ɓangaren da nake ganin ba a taɓo ba, kuma idan ba a faɗe shi ba, shawarar za ta tsaya a kan takarda.

Yawancin masu son a bar tsohon gini yadda yake ba su ne ke kwana a cikinsa ba. Mai kwana a ciki shi ne ke jin ƙasa tana zubo masa daga rufi, shi ne ke tashi da tsakar dare yana jera kwanoni ƙarƙashin yoyo. Matasan da a da suke fitowa aikin yaɓe yanzu suna birni neman abinci, waɗanda suka rage kuma tsofaffi ne da yara. Idan mutumin da ya sha wannan wahala ya samu hali ya ce zai yi bulo da kwano, ban ga dalilin da za a kalle shi a matsayin wanda bai san darajar tarihi ba. Wurin ibadar da aka gina wa mutum hamsin kuma ba zai ɗauki mutum ɗari biyar ba, kuma jama'a suna da haƙƙin samun inda za su tsaya.

Akwai kuma batun rai. A watan Fabrairun 2010, bayan kwanaki ana ruwa, hasumiyar wani tsohon masallaci a birnin Miknas na Moroko ta faɗo kan masallata ranar Juma'a, mutum kimanin 40 suka rasu. Ba na so a ɗauki maganar adana tarihi har ta kai ana jin nauyin cewa gini ya zama haɗari.

Sannan ina gargaɗi kan alkawarin 'yan yawon buɗe ido, domin shi ne ake yawan jawo hankalin mutanen ƙauye da shi. Ait Ben Haddu a Moroko yana cikin jerin UNESCO tun 1987, baƙi suna zuwa daga ko'ina, amma yawancin iyalan garin sun ƙaura zuwa sabon gari a ɗaya gefen kogin, kaɗan ne suka rage a tsohon. Wannan wuri ne da duniya ta sani. Ƙauyen da ba shi da hanya mai kyau kada ya gina lissafinsa a kan baƙin da ba lallai su zo ba.

Malama Rakiya ta sake rubutawa:

Na gode muku duka. Alhaji, maganarka ta shige ni, domin ita ce ainihin abin da ke raba kan mutane idan an zauna. To, Dakta, idan gini ya yi wa jama'a kaɗan ko masu shi sun tashi, kuma babu baƙin da za su kawo kuɗi, mene ne zai sa a ci gaba da kula da shi? Malam Isiyaku kuma, ta yaya wanda ba masani ba zai bambance tsagar da za a iya zama da ita da wadda ke nufin a fita?

Dakta Hauwa ta amsa:

Alhaji ya yi gaskiya, kuma ba na goyon bayan a tilasta wa kowa zama cikin wahala domin wasu su zo su ɗauki hoto. Abin da ke riƙe gini shi ne amfani. Ginin da ake buɗewa kullum ana share shi, akwai wanda zai ga yoyo a ranar da ya fara, wanda aka kulle kuwa sai jemagu da gara su gaje shi. Don haka idan aikinsa na farko ya ƙare, a nema masa na biyu kafin a sa kwaɗo.

A ƙauyen Dandaji a Jamhuriyar Nijar an fuskanci daidai matsalar da Alhaji ya kawo. Tsohon masallacin ƙasa ya lalace kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a rushe shi, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara a gina sabon masallaci mafi girma a gefensa da bulon ƙasa da aka matse, a gyara tsohon a mayar da shi ɗakin karatu. An kammala aikin a 2018, kuma maginan ƙasa na yankin sun yi aiki a gyaran. Jama'a sun samu wurin salla, yara da mata sun samu wurin karatu, ginin kuma yana tsaye. Ko babu masu zane daga waje, tsohon aji yana iya zama wurin taron gari, tsohon zaure ya zama inda ake karatun manya ko ajiyar takardun da na ambata. Ƙa'idar da Yarjejeniyar Burra ta Ostireliya ta 1979 kan adana wuraren tarihi ta shahara da ita tana da amfani a nan: a yi iya abin da ya zama dole, a sauya mafi ƙanƙantar abin da zai yiwu.

Abu ɗaya da nake tsoro fiye da rushewar bango shi ne mutuwar magini na ƙarshe ba tare da ya koyar ba. Ginin ƙasa da na ciyawa kullum ana sabunta jikinsu, don haka abin da ake gada a zahiri shi ne hannun da ya san yadda ake kwaɓi, kwana nawa ake barin sa ya ruɓa, da yadda ake ɗaura rufi. Taron masana adana kayan tarihi da aka yi a birnin Nara na Japan a 1994 ya amince cewa asalin abu bai tsaya ga tsufan kayan da aka yi shi da su kaɗai ba, har da fasaha da al'adar da ke tare da shi. A aikace wannan yana nufin duk lokacin da za a yi gyara, a haɗa tsohon magini da matasa biyu ko uku, a biya su ladan aikinsu kamar yadda za a biya mai ɗora bulo, domin saurayi ba zai koyi sana'ar da ba ta ciyar da shi ba.

Malam Isiyaku ya amsa:

Malama, tsaga iri biyu ce, mai motsi da wadda ta tsaya. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a ja layi a ƙarshen tsagar, a auna faɗinta a wurare biyu, a rubuta awon da ranar a littafi, a dawo duk wata, musamman bayan ruwa mai ƙarfi. Ana kuma iya liƙa ɗan siririn yaɓe a ƙetare ta: idan ya fashe, ginin yana motsi. Siraran tsagogin da ke kan yaɓe kawai, waɗanda ba su shiga jikin bango ba, ba abin tsoro ba ne, yaɓen gaba zai rufe su.

Alamun da ke nufin a fitar da mutane nan take su ne: bangon da ya karkata ko ya yi ciki, tsagar da ta raba kusurwa daga sama har ƙasa ana hango haske ta cikinta, rufin da ya lotsa a tsakiya, ƙofar da a da take rufuwa yanzu ta ƙi, da ƙasa mai zubowa daga kan azara ba tare da an taɓa ta ba. Hasumiya da duk wani dogon sashe su ne suka fi haɗari bayan ruwan kwanaki, kuma ko a Jenne, inda ake yaɓe kowace shekara, saman ɗaya daga cikin hasumiyoyin ya rushe a Nuwamban 2009 bayan ruwa mai yawa. A can ma an gano cewa yaɓen da aka yi ta ɗorawa shekara da shekaru ya yi wa rufin nauyi, sai da aka rage shi. Don haka kafin a ƙara sabuwar ƙasa a kan rufi, a kankare wadda ta mutu.

Fitar da mutane ba ya nufin a kira masu rushewa. A tokare bangon ko rufin da itatuwa masu ƙarfi, a kewaye wurin domin kada yara su shiga, idan rufin ya buɗe a kafa rumfar kwano a samansa a kan ginshiƙanta na kanta ba tare da ta jingina da tsohon bangon ba, sannan a nemo wanda ya san irin wannan gini ya duba. Babban gyara kuma a yi shi da rani, a bar isasshen lokaci ƙasa ta bushe sarai kafin ruwan farko.